Akwatin Mario da alƙalamin da ba a ba mu ba



Makon jiya, bayan la'asar, samari huɗu suka yi sallama a zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan Guéné. Da suka durƙusa suka gama gaisuwa, sai babbansu ya kwance wani ƙullin tsumma, ya fito da akwatin roba da tsufa ya sa ya yi ja, da manet biyu masu igiya, da kaset uku masu ruwan ɗorawa. Ya ce, “Allah ya ja zamanin Baba, a ɗakin kawuna na tsinci wannan, mun gwada kuma yana aiki. Alfarma muke nema a ara mana ɗakin ajiyar nan na gefen zaure. Za mu sa wannan da ƙananan kwamfutoci biyu, ƙannenmu su riƙa wasa, mu kuma mu riƙa koya musu yadda ake ƙera wasan.”

Zaure ya yi tsit. Can sai wani dattijo ya nuna akwatin da sandarsa ya ce, “Wannan ai shi ne abin da muka yaƙa shekara talatin da suka wuce. Yau kuma a ƙofarmu za a girke shi?” Wani ya ce a bar yara da zamaninsu. Baba bai yanke hukunci ba. Ya ce a ba shi mako biyu, kuma duk mai magana ya kawo ta.

Aikinmu a zaure shi ne mu rubuta abin da manya suka faɗa, ba mu tsoma baki. Amma tun da an ce kowa ya kawo tasa, ga tamu, kuma ra'ayinmu ne, kada a jingina shi ga Baba. Muna ganin a ba yaran nan ɗakin, bisa sharuɗɗa. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to amma dalilinmu ya wuce begen ƙuruciya. Akwai wani abu da ya kuɓuce mana lokacin da akwatin nan ya fara zuwa, wanda muke fata kada ya sake kuɓuce wa 'ya'yanmu.

Bari mu fara da yadda abin ya iso mu. Wanda ya san Guéné ya san cewa duk abin da ya tashi daga Kwatano zai nufi gadar Gaya, ta gabanmu yake wucewa, kuma abin da ya fito daga Kano ko Ikko ta Kamba ba ya rasa faɗowa kasuwar Malanville. Ta nan wasannin suka shigo, cikin kwali ɗaya da tocila da rediyo da agogon roba, a farkon shekarun 1990. Yawancin gidajenmu ba su san wutar lantarki ba a lokacin. Mai gidan kallo ne ke da tele da gurup, ko batirin mota da ake kai wa caji. Kafin a sa fim da dare, sai ya jona akwatin, yaro ya biya dala biyar ya karɓi manet, wasu goma sha su yi masa rumfa suna ba shi shawarar da bai nema ba.

Akwatin da muka sani kwaikwayo ne. Na asalin, Famicom, kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a watan Yulin 1983. Wanda ya iso mu wasu masana'antu ne a Taiwan da Sin suka kwafa, suka yi masa araha. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan waje suka yi tsalle, ai sai kwaikwayon ya zama shi kaɗai talaka zai iya taɓawa. A jikin kaset ɗin akan rubuta cewa wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, an sauya launi ko an fara daga wani mataki. In kaset ya ƙi tashi, a zare shi a hura masa iska a mayar, kowa ya riƙe numfashi.

Mun san Mario, ɗan gajeren nan mai hula da gashin baki, wanda Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fitar a 1985. Mun san Contra, inda mutum biyu ke tafiya tare, in ɗaya ya yi gaggawa ya jawo wa ɗan'uwansa mutuwa. Mun san tankokin yaƙi masu tsaron gaggafa a bayan katangar bulo, da harbin agwagi da bindigar roba, inda kare ke fitowa daga ciyawa ya yi maka dariya in ka kuskure. Sannan ga ɗan ƙaramin na hannu mai cin pil biyu, wanda ake jera bulo a cikinsa. Mu kanmu, da muka dawo daga karatu da gemu ya fara tsirowa, mun sha ɓoye shi cikin gafaka. Ba mu faɗi haka don alfahari ba, sai don kada a ɗauka daga nesa muke magana.

Abin da ba mu sani ba a wancan lokaci shi ne cewa a wasu ƙasashe wasannin nan sun zo da wata ƙofa a jikinsu. A Ingila, a watan Afrilun 1982, Clive Sinclair ya fitar da wata ƙaramar kwamfuta mai suna ZX Spectrum, a kan fam 125, babbarta kuma fam 175. A shekarar ce kuma Commodore 64 ta fito a Amurka. Su ma da talabijin ɗin gida ake jona su, kuma yara don wasa suke roƙon iyayensu su saya. Bambancin shi ne suna da allon haruffa. Da ka kunna, na'urar na jiranka ka rubuta mata umarni da wani yare mai sauƙi da ake kira BASIC. Wasannin kuwa a kan kaset ɗin sauti suke, irin wanda muke sauraren Shata da Ɗanƙwairo da shi. Sai a sa a rikoda, a yi ta jin ƙara kamar ta gyare har wajen minti biyar, kafin wasa ya bayyana. Mujallu kan buga umarnin wasa sukutum, shafi bayan shafi, yaro ya zauna ya kwafa da hannunsa. In ya yi kuskuren harafi guda wasa ya ƙi tashi, dole ya koma ya bi layi-layi har ya gano. Mu da muka kwafi littafi da tawada a gaban malam mun san abin da irin wannan kwafi yake dasawa a kan mutum.

Daga kwafi sai sauyi, daga sauyi sai ƙirƙira. Wani matashi mai suna Matthew Smith yana ɗan shekara 17 ya rubuta wasan Manic Miner a 1983, wanda har yau ake ambato cikin fitattun wasannin wancan zamani. Irinsa da yawa a ɗakin kwanansu suka fara, suka zama masu kamfanoni da injiniyoyi. Faransa ma a 1985 ta yi shirin raba kwamfutoci sama da dubu ɗari a makarantunta, akasarinsu ƙirar Thomson. Mu a nan, shekaru kaɗan bayan haka, a 1989, makarantun boko rufe suke saboda an kasa biyan malamai albashi, shekarar karatu ta tafi a banza.

Saboda haka abu guda ne ya isa wurare biyu ta fuska biyu. Su an miƙa musu allo da alƙalami. Mu an miƙo mana allon da aka riga aka rubuce, ba a haɗo da alƙalami ba. Muka iya danna maɓalli har babban yatsa ya yi kanta, amma ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba cewa mutum ne kamarmu ya zauna ya rubuta abin da muke gani, balle mu yi tunanin rubuta namu.

Kada wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce. A ƙasar Kuwait an yi wani bawan Allah, Muhammad al-Sharikh, wanda kamfaninsa al-Alamiyya ya ɗauki kwamfutocin gida na Japan masu tsarin MSX a shekarun 1980, ya sa musu haruffan Larabci, ya raɗa musu suna Sakhr. Yaran Jidda da Alƙahira sun yi wasanni a kansu kamar kowa. Amma a kan na'urar nan dai aka fitar da manhajar Alƙur'ani mai girma, da darussan Larabci da lissafi da tarihi, har da yaren rubuta umarni da Larabci. Bayan mamayar Iraƙi a 1990 aikin ya koma Alƙahira, ya ci gaba da hidimar harshen Larabci a kwamfuta. Mutumin ya rasu a watan Maris na 2024, Allah ya jiƙansa. Bai tsaya zagin akwatin ba, bai kuma miƙa masa wuya ba. Ya shigar da harshensa ciki, yaran ƙasashen Larabawa suka taso suna ganin cewa na'ura ma tana jin yarensu.

To mu komo kan maganar dattijon da ya nuna akwati da sanda, domin yana da hujja, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba shi da ita. Mun ga yaron da aka aika sayen magi ya kai kuɗin gidan kallo. Mun ga wanda aka kira magariba yana riƙe da manet, ya ce bari ya ƙarasa. Mun ga almajirin da ya bar allonsa a jingine. Da akwatunan Sega suka zo da wasan Mortal Kombat, mun ga jini da fille kai a gaban yara ƙanana, abin da ko a Amurka sai da ya kai majalisar dattawansu zama a 1993. Wasu samari kuma sun mayar da abin caca, ana zuba kuɗi a kan wanda zai ci. Duk wannan ya faru, kuma damuwar iyaye a kai gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sanya kamuwa da wasannin na'ura cikin jerin cututtukan da take lissafawa.

Tambayar ita ce, me hanin ya haifar? An hana, an yi bulala, an yi wa masu gidan kallo faɗa. Yara ba su daina ba, wuri kawai suka sauya, suka koma inda babba ba ya leƙawa. Yau ga shi abin da aka kora daga ƙofar gida ya dawo cikin aljihu. Yaron da ke kwance a ɗaki da salular uwarsa ƙarfe ɗayan dare, babu mai gidan kallo da zai kashe masa gurup, babu na bayansa da zai ce lokacinka ya cika.

Ya kamata a lura da bambancin tsohon wasa da yawancin na yau, domin a nan maslahar take. Tsohon wasa yana da ƙarshe. Rai uku ake ba ka, in sun ƙare ka miƙa wa na kusa. Prince of Persia, wanda Jordan Mechner ya fitar a 1989, minti sittin cif yake ba ka, ko ka gama ko ka faɗi. Tsohon wasa in an saye shi an gama biya, ba ya tsayawa a tsakiya ya ce ka turo kuɗi kafin ka wuce. Ba ya haɗa ɗanka da baƙon da ba ka sani ba a wata ƙasa. Ba ya ɗauke da tallar caca a gefensa. Kuma a fili ake yinsa, fuska guda mutum goma, har yaro ya koyi jiran layi da haƙurin faɗuwa a gaban jama'a. Da yawa daga wasannin salula na yanzu an gina su ne don kada a ajiye su, kuma daga wasu zuwa cacar ƙwallo taku ɗaya ne. Wanda ya zauna a zauren sulhu ya san gidaje nawa cacar nan ta girgiza. Mu da muke rubuta abin da ake faɗa a wurin mun fi kowa sani, sai dai amana ta hana mu ƙari.

Akwai wata fa'ida kuma da ta fi waɗannan, ita ce ƙanƙantar tsofaffin wasannin. Super Mario gaba ɗayansa, da duniyoyinsa takwas da kiɗansa, bai wuce kilobait 40 ba. Hoto guda da ake ɗauka da wayar zamani ya ninka shi sau hamsin ko fiye. Ƙarancin wuri shi ya koya wa maƙeransa dabara. An sa wa Mario hula don zana gashi na da wuya a 'yan ɗigogi kaɗan, an sa masa gashin baki don a huta da zana baki. Gajimaren sama da kurmin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. A wasan Space Invaders na 1978, Tomohiro Nishikado ya lura cewa in maƙiya suka ragu na'urar na samun sauƙi sai su ƙara gudu, sai ya bar abin haka ya zama shi ne daɗin wasan. Jera bulon nan da muka ɓoye a gafaka kuwa, asalinsa Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, kuma siffofi bakwai ne kacal, kowace da murabba'i huɗu.

Abin da ke da ƙanƙanta haka yaro na iya kewaye shi da hankalinsa. Babu ɗan shekara 14 da zai kalli wasan ƙwallon zamani, wanda ɗaruruwan ma'aikata suka yi, ya ce zan yi irinsa. Amma zai iya kallon macijin nan na tsohuwar Nokia ya ce wannan kam zan gwada. Dalilin da ya sa kenan wasu malamai a Kambirij ta Ingila, da suka ga ɗalibansu sun daina zuwa da irin gwanintar yaran 1980, suka fitar da 'yar kwamfutar Raspberry Pi a 2012 a kan dala 35 ta Amurka, don su dawo da na'urar da yaro zai buɗe ya yi wasa da cikinta. Tafin hannu ya fi ta girma, kuma ɗan faifan hasken rana da batir ya ishe ta. Akwai kuma manhajar Scratch, kyauta, wadda yara ke haɗa umarni da ita kamar jera tubali.

Ga inda maganar ta fi shafarmu a matsayinmu na Hausawan Guéné. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwa da muke zaman lafiya da su. Ɗanmu da Faransanci yake karatu a lakwal, da Dendanci yake ciniki da wasa a titi, Hausa kuma ta rage masa a zaure da ɗakin uwarsa. Yana jinta, yana yinta, amma ka ba shi takarda ka ce ya rubuta layi uku, da boko ko da ajami, sai ka ga gumi. Salular da ke hannunsa ba ta taɓa yi masa magana da Hausa ba. To yaron da aka ce ya ƙera wasa, kuma duk kalmar da za ta fito a fuskar na'ura da Hausa za ta fito, dole ya tsaya ya yi tunani. Yaya ake rubuta “ka ci”? Ina ake samun ƙ mai lanƙwasa? Me za a kira mataki na biyu? Dole ya je ya tambayi kakarsa.

Kuma ba sai ya kwaikwayi Mario ba. Muna da dara, wadda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira dili: gidaje talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka cire na abokin karawa guda. Ƙa'idojinta ba su fi na Tetris wuya ba. Ranar da yaro zai koya wa kwamfuta dara, sai ya zauna gaban tsofaffin da ke buga ta a gindin bishiya ya tambaye su dokokinta ɗaya bayan ɗaya, saboda na'ura ba ta karɓar “ai ka gane”. Muna da Gizo da Ƙoƙi. Muna da fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna ƙetare Kwara. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa sun fitar da wasan Aurion a 2016, wanda suka gina a kan al'adun Afirka, duniya kuma ta saya. Su ma da wasan wasu suka fara.

Ba mu ce kowane yaro zai zama injiniya ba. Cikin ashirin wataƙila biyu ne za su riƙe abin. Amma sauran goma sha takwas ɗin za su tashi da sanin cewa abin da ke cikin waya mutum ne ya tsara shi, kuma da manufa ya tsara shi. Wanda ya san haka ba a saurin yaudararsa da alkawarin cin miliyan a dare ɗaya.

Sharuɗɗan da muke ba da shawara su ne waɗannan. Na farko, ƙofar ɗakin a buɗe take ko da yaushe, kuma a sa babba guda da zai riƙa zama. Na biyu, da an kira salla a kashe, haka lokacin lakwal da makarantar allo, kuma ba a kai isha ana ciki. Na uku, babu zuba kuɗi a kan wasa, ko da alewa ce, wanda ya yi kuwa ya bar ɗakin. Na huɗu, wasannin da za a sa sai manya sun gani sun yarda, masu zubar da jini su tsaya a waje. Na biyar, duk sa'a guda ta wasa tana da sa'a guda ta koyon rubuta umarni, wanda ya ƙi ta biyun ya rasa ta farkon. Na shida, duk abin da aka ƙera a ɗakin da Hausa zai yi magana, in an so a ƙara Dendanci da Faransanci don abokai, madalla. Na bakwai, 'yan mata su sami ranakunsu tare da yayyensu mata, domin wancan karon a bakin ƙofa aka bar su. Bayan wata shida samarin su dawo zaure su nuna abin da ƙannensu suka yi da hannunsu. In babu komai sai kantar yatsa, a karɓe makulli a mayar da tabarmi, mu ma za mu sa hannu a takardar.

Ga iyayenmu dattawa muna cewa, Allah ya ƙara muku girma, abin da kuka hango shekara talatin baya gaskiya ne, kuma ba mu manta ba. Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara wanda ba a riƙe ba. Yaran nan da ƙafarsu suka zo, suka durƙusa, suka nemi izini, alhali suna iya kama hayar shago a bakin titi ba tare da sun tambayi kowa ba. In muka sallame su hannu wofi, ba za su sake kawo mana irin wannan shawara ba.

Ga samarin kuma muna cewa, in aka ba ku, ku san amana kuka ɗauka. Kada ku tsaya ga nuna wa ƙannenku inda naman kaza yake ɓoye a cikin bulo, wannan mu ma mun iya. Ku sa musu alƙalamin a hannu.

Wanda ke da tsohon akwati ko kaset ko tele mai ƙeya a ɗakin ajiya, kada ya jefar, domin bindigar agwagin nan ba ta aiki da tele shafaffe na zamani. Wanda kuma ke da ja a kan abin da muka faɗa, ya kawo hujjarsa kafin mako biyun su cika, za mu rubuta ta yadda ya faɗe ta mu karanta wa Baba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu dace. Wassalam.